Babi na Biyar: Injin da Ke Shan Ruwan Dam

Ba don jirage aka gina Dam ɗin Challawa na ƙasar Ƙaraye ba. Gwamnatin Jihar Kano ce ta faro aikin ta hannun hukumarta ta WRECA, daga baya Gwamnatin Tarayya ta karɓa, kamfanin Julius Berger ya kammala ginin a 1992, aka damƙa shi ga Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Bangonsa ya kai tsayin mita 42, ya miƙe kusan kilomita 8, kuma in ya cika yana riƙe ruwan da ya haura kubik-mita miliyan 900. Noman rani da ruwan shan birnin Kano aka nufa. Amma da ruwan ya kwanta, ya malale ta wajen Rogo, ya shanye fadamu da tsofaffin hanyoyin ƙafa, sai kwale-kwale ya zama wajibi ga mutanen da kakanninsu ba su san wani ruwa ba in ba rafi da rijiya ba.

Har yau yawancin masu su a nan da filafili suke tuƙi. Jirgi mai inji kaɗan ne, kuma mai shi ba ya wasa da shi, domin da shi ake kwaso kifi daga nesa, da shi ake tsallakar da mutane da buhunan hatsi ranar kasuwa. Da wuya ka ga sabon inji fil a leda. Abin da za ka tarar shi ne tsohon Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 15 ko 40, ko tsohon Suzuki, irin waɗanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai, waɗanda suka gama cin ƙuruciyarsu a wani ruwan kafin su iso nan. Injuna ne masu jure wahala. Tun 1960 kamfanin Yamaha yake ƙera injin jirgi, kuma samfurin Enduro an yi shi ne musamman don masuntan ƙasashe irin namu, inda babu gareji a bakin ruwa. Yana yafe gurɓataccen fetur, yana yafe tsohon filogi. Abu ɗaya ne ba ya yafewa: ƙishirwa.

Ga kuma inda gizo ke saƙar. Makaniken Ƙaraye ko na Rogo a kan babur ya koyi sana'a, sannan injin ban-ruwa na 'yan lambu, sannan ƙaramin janareta. Dukkansu iska ce ke sanyaya su. Ka ɗora su a benci, ka ja igiya, ka saurari ƙara, ka ba su wuta, ba sa neman ruwan da zai sanyaya su. Hannun da ya saba da haka, in aka kawo masa injin jirgi, abin da zai fara yi ke nan: ya jingina shi a bango, ya ja igiya, ya ce bari ya ji muryarsa. A ganina wannan sabon ya kashe injunan jirgi a dam-dam ɗin Arewa fiye da yadda tsufa ya kashe su.

Sai a san hanyar ruwan kafin a gane dalili. Injin fetur irin wannan ba ya mayar da ko kashi ɗaya cikin uku na man da ya sha zuwa ƙarfin tuƙi. Sauran duk zafi ne, wani ya bi hayaƙi, wani ya zauna a jikin ƙarfe. Mota tana da lagireto, ruwa ɗaya ne yake ta zagayawa. Injin jirgi ba shi da shi. Ruwan da jirgin ke kai shi yake zuƙa, ya ratsa da shi jikinsa, ya tofar. A ƙasan ƙafar injin, sama da farfela kaɗan, akwai 'yan ramuka masu raga hagu da dama. Ta nan ruwa ke shiga. Saman gidan giya akwai famfo, cikin famfon akwai infela, wata 'yar roba mai fukafukai, galibi shida, da aka zura a jikin sandar da ke sauko da ƙarfi daga kan inji zuwa farfela. Gidan da take juyawa a ciki ba a tsakiya ya riƙe ta ba, an ɗan karkatar da shi, don haka fukafukan suna miƙewa a gefe ɗaya su ɗebi ruwa, su lanƙwashe a ɗaya gefen su matse shi. Daga nan ruwan ya hau wani siririn bututu, ya shiga hanyoyin da aka bari a jikin bulok kewaye da silinda, ya wuce tamostat, 'yar ƙofar da ke buɗewa in inji ya ɗumama, ya sauko ya sanyaya hanyar hayaƙi, ya fice tare da hayaƙin ta ƙasa. Ɗan kaɗan ne ake karkatarwa ya tsarto ta baya don direba ya gani da idonsa. Shi ne fitsarin inji.

Ruwan nan da infela ke turawa shi ne kuma man shafawarta. Babu wani. In ta juya a bushe, roba ce ke gugar ƙarfe sau ɗaruruwa a minti guda ko da a silo ne, kuma ba ta buƙatar cikakken minti kafin bakin fukafukanta ya ƙone. Abin takaicin, ba a ganin ɓarnar nan take. Makanike ya kashe inji, ya ce lafiyarsa ƙalau, mai jirgi ya biya ya tafi. A bakin gaɓa fitsari ya fito, domin robar da ta ƙone rabi tana iya tura ɗan ruwa. Sai an yi lodi, an ba da wuta, an kai inda filafili ba zai mayar da mutum gida da wuri ba, sannan fiffike ɗaya ya ɓalle, wani ya bi shi. Fistin na alminiyam ne, zafi na yin yawa yake kumbura ya cije a silinda. Sai a ce inji ya buga, a ɗora wa mai sayar da baƙin mai laifi.

Littattafan da kamfanoni ke haɗowa da injunan nan gishirin teku suka fi tsoro, shi ya sa wanda ya karanta su zai ɗauka mai tuƙi a dam ba shi da damuwa. Kuskure ne. Ƙasar da ke zuba ruwa a Challawa gonaki ce kusan duka, ana nome ta har bakin ruwa, kuma zaizaya tana kwaso ta kowace damina. An daɗe ana kuka da yadda laka ke cike dam ɗin, har ma da yadda take damun wuraren ɗibar ruwan Kano a can ƙasa. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan ja ne, kuma abin da ya mai da shi ja shi ne abin da ke bi ta cikin famfo. Da rani kuma matsalar ta sauya kama. Ruwa yana ja baya saboda sakin da ake yi wa masu noman rani, gaɓa ta yi nisa, jirgi ya riƙa jan ciki a tabo kafin ya kai zurfi. Direban da ya ba inji wuta a ruwa iya gwiwa don ya huta da turi, farfelarsa ce ke tayar da yashi, ramukan shan ruwa kuma suna nan daf da ita. Yashi yana cin roba, yana kuma tona layuka a farantin ƙarfen da ke ƙarƙashin infela da kofin da ke kewaye da ita. Laka mai laushi ta wuce famfo salin-alin, ta je ta kwanta a lungunan bulok inda ruwa ba ya gudu, zafi ya gasa ta. Maganin rabin wannan ba na kuɗi ba ne: a tura jirgi da gora ko filafili har ƙafar inji ta sami zurfi, sannan a ja igiya, in za a sauka kuma a kashe tun ba a taɓa ƙasa ba, a ɗaga ƙafar.

Duk direban kirki yana waiwayen fitsari, da zarar ya tayar da inji da kuma lokaci-lokaci a kan hanya. Sai dai fitsarin yana ƙarya ta fuska biyu. Wani lokaci ya ɗauke alhali famfo lafiya lau. Ramin ƙarami ne, ƙwayar yashi ɗaya tana toshe shi, kuma in inji ya kwana biyu a jingine, zanzaro ba ya ganin rami irin wannan ya ƙyale, sai ya cika shi da yumɓu. Guntun zaren kamun kifi mai kauri ya isa a zura a buɗe shi. Kada a sa ƙusa ko waya, don tiyon da ke bayan ramin roba ne. Ɗaya ƙaryar ta fi haɗari. A injuna da yawa ana ɗibar ruwan fitsarin ne tun bai gama zagaya kan silinda ba, saboda haka yana iya tsartowa da ƙarfi alhali tamostat ya cije a rufe, ko laka ta toshe wata hanya, kai yana ta dahuwa. Shi ya sa hannu ya fi ido. Bayan inji ya yi tafiyar minti goma, a rage wuta, a buɗe murfi, a ɗora yatsu a kan silinda, nesa da wayar filogi da abin da ke juyawa a sama. Lafiyayyen inji yana da zafi, amma za ka iya ƙirga biyar kafin ka janye. In ka taɓa ka fizge hannu, ko ka ga fenti ya fara sauya launi, ko tururi na fita maimakon ruwa, kashe shi. Wanda ya gaji tsohon Johnson ko Evinrude na kafin ƙarshen shekarun 1970 kada ya wahalar da kansa neman fitsari, ba a yi su da shi ba. Feshin ruwan da ke fita ta ramukan bayan ƙafa shi zai duba.

In ruwa ya ɗauke a tsakiyar tafiya, kafin a zargi komai a zargi leda. Ledar fiyawota da baƙar ledar cefane suna yawo a ƙarƙashin ruwa, ɗaya ta isa ta manne a ramukan nan ta rufe su ruf. Ganyen kainuwa ma yana yi. A kashe inji, a ɗaga ƙafa, a share. Kada a kwara wa kan da ya yi zafi ruwan sanyi, alminiyam yana karkacewa. A bar shi ya huce da kansa. Akwai kuma laifin kafinta. Ƙafar inji iri biyu ce a ƙananan nan, gajera mai inci 15 da doguwa mai inci 20, kuma faffaɗan farantin da ke saman farfela ya kamata ya yi daidai da ƙasan jirgi ko ya ɗan fi shi nutsewa. In katakon bayan jirgi ya yi wa injin tsayi, ko aka tara buhuna a gaba har baya ya ɗaga, famfo iska zai riƙa haɗawa da ruwa, kuma infela tana mutuwa a hankali ba wanda ya sani.

Wankin cikin inji ba ya buƙatar kayan Turai. A ƙasashen da ruwan famfo ke da ƙarfi suna da wasu marufai na roba da ake maƙala wa ramukan a haɗa da tiyo. A Ƙaraye rabin duro ya fi wannan amfani, domin ba ya yankewa. A kafa katako mai ƙarfi a ɗaure injin a tsaye, ƙafarsa cikin duro ba ta taɓa gindi ba. A cire farfela. Ko giya na firi, hannu na iya kuskure. A cika da ruwan rijiya ko na burtsatse mai tsabta har ya haura faffaɗan farantin da ke saman farfela da kamar faɗin tafin hannu, domin famfon yana sama da ramukan shan ruwa, kuma tsohuwar infela ba ta iya jawo ruwa daga ƙasa, sai an nutsar da ita. A tayar, a bar shi a silo minti goma zuwa sha biyar, yadda tamostat zai buɗe ruwa ya ratsa ko'ina. Wankin minti biyu wankin famfo ne kawai. A sa ido kan ruwan duro, yana raguwa, yana kuma ɗumama tunda shi ne ke komawa ciki. In ya yi zafi a ƙara sabo. A yi aikin a fili saboda hayaƙi. Ruwan da ya rage akwai mai a cikinsa, kada a zubar kusa da rijiya ko a mayar da shi dam. Da damina, ga jirgin da ke aiki kullum, sau ɗaya a mako bai yi yawa ba, kuma ranar da aka ja ciki a tabo a wanke a ranar, kafin lakar ta bushe.

Injin da aka sayo daga Legas ko Warri ko Fatakwal yana zuwa da gadon da ba a faɗa wa mai saye. Ruwan gishiri in ya ratsa ƙarfe mai zafi yana barin farin ɓawo, shekara bisa shekara, har hanyar da ta kai faɗin yatsa ta koma ta tsinke. Ɓawon yana kama jikin bulok kamar ƙanzo a gindin tukunya, kuma ruwan dam ba ya narkar da shi. Hanya mafi sauƙi ta gane tarihin inji ita ce a kwance murfin tamostat a leƙa. In ka ga fari-fari mai gari, ka san inda ya fito ko mai sayarwa ya rantse. Ɓawo marar kauri yana saki da binega, irin farar nan ta kanti: a cire tamostat, a zuba 'yan litoci a ruwan duro, a tayar a kashe, a bar shi ya jiƙa, a maimaita, sannan a ɗauraye da ruwa mai yawa a mayar da tamostat. Wanda ya yi kauri sai an kwance kai da murfin hayaƙi an kankare da hannu, da sabon gasket a ajiye kafin a fara. A nan ake son haƙuri, domin notunan injin teku sun riga sun haɗe da alminiyam, kuma wanda ya sa ƙarfi zai tsinke su a ciki ya sayi aikin kwana uku. A jiƙa su da mai, a ɗan gasa kewayensu, a motsa gaba da baya. Abu biyu kuma kada su kusanci injin nan ko da wasa: ruwan batir da sodar yin sabulu. Ruwan batir yana cin ɓawon, gaskiya ne, amma ba ya tsayawa a kansa. Soda kuwa alminiyam ɗin kansa take narkarwa. Bangon da ke tsakanin ruwa da silinda ba shi da kauri, in ya huje an gama.

Canjin infela aiki ne da mai jirgi zai iya koya da sifana biyu ko uku. A irin ruwanmu a canza ta kowace shekara, kuma lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan damina, in ruwa ya fara washewa, tunda ta gama shan yashin shekara. A raba sandar sa giya, a kwance notunan da ke riƙe gidan giya, a zaro shi ƙasa. Famfon na nan zaune a kansa. In an buɗe, a lura da ɗan ƙaramin makullin ƙarfe da ke riƙe infela a jikin sanda. Ya fi komai saurin faɗawa cikin ƙasa, kuma in babu shi sanda za ta yi ta juyawa infela na tsaye. A ƙirga fukafukan tsohuwar. In ɗaya ya ɓace, yana nan cikin inji, kuma sai an nemo shi. Tun gidan giya na ƙasa, a cire tamostat a ɗura ruwa ta sama ya biyo bututu ya fito ta ƙasa, ya koro guntayen. A shafa farantin da kofin da farce. In farce yana maƙalewa a layi, sabuwar roba ba za ta yi wata uku a kansu ba, a canza su tare. Wajen mayarwa a shafa wa infela ruwan sabulu, a riƙa juya sandar ta hannun agogo, in ana kallonta daga sama, ana danna gidan famfo a hankali, fukafukan su kwanta ta fuskar da za su yi aiki. A sa giris a haƙoran saman sanda, amma ban da ƙoƙon kanta, don giris ɗin da ya taru a can yana hana ta shiga har ƙarshe. Wurin da aka fi yin kuskure shi ne bututun ruwa: dole bakinsa ya faɗa cikin robar da ke kan famfo. In ya goce, komai zai ɗauru daidai, inji ya tashi, ruwa kuwa ya riƙa zuba cikin ƙafa.

Tunda an sauke gidan giya, a duba mansa. In ya fito da launin madara, ruwa ya shiga, kuma sau da yawa zaren taru ne ya naɗe bayan farfela ya yanke sil. Ana ɗura sabon man ta ramin ƙasa har ya fito ta na sama.

Saura tamostat, wanda makanikanmu suka ɗaura wa karan tsana. A garejin mota a Kano, da zarar mota ta fara zafi, abin da ake fara cirewa a jefar ke nan, wai na ƙasar sanyi ne. An kawo wannan fatawar bakin dam. To, na injin jirgi tun asali ba ya bari inji ya yi zafin na mota. Na mota yana buɗewa a wajen digiri 80 zuwa 90, na jirgi kuwa a wajen 50 zuwa 60. Kuma wanda ya taɓa sa ƙafa a ruwan Challawa da asubar Janairu, hunturu na kaɗawa, ba zai ce ba mu da sanyi ba. Injin da aka cire wa tamostat ba ya ɗumama yadda ya kamata: fetur ba ya ƙonewa duka, filogi yana yin baƙi, ringi yana cika da gawayi, silo ya ƙi zama. Tun da aka janye tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, kowace lita da ta fita a hayaƙi ba ta ƙone ba ana jin ta a aljihu. Wani abin da ba a cika sani ba, a wasu injunan tamostat ne ke tare ruwa har ya cika bulok zuwa sama. In babu shi ruwan ya bi hanya mafi sauƙi ya fice, silindar sama ta zauna a bushe, ga fitsari yana fita, ga inji yana ƙonewa. Gwada shi ba wuya: a ɗaura masa zare a sa a ruwan da ke kan wuta. Ya kamata ya buɗe tun ruwan bai yi kusa da tafasa ba, ya rufe in ya huce. Wanda ya ƙi, a sauya shi. Wasu ƙananan injunan ba a yi su da tamostat ba sam, waɗannan ba da su ake ba.

Saboda ɓarayi, masu inji da yawa ba sa barin sa a bakin ruwa, a babur ko amalanke ake kai shi gida kowace yamma. Kafin a kwantar da shi a tsayar da shi tsaye minti biyu ruwan cikinsa ya tsiyaye, kuma a kwance ma kai ya fi ƙafa tudu. In ƙafa ta fi kai tsayi, ragowar ruwan yana gangarawa ta hanyar hayaƙi ya shiga silinda, tsatsa ta kama ringi da boris cikin 'yan kwanaki. Injin da zai yi watanni a ajiye kuma, infelarsa tana sandarewa a lanƙwashe, ko da sabuwa ce lokacin da aka jingine shi. A buɗe a duba kafin a mayar da shi ruwa.

Samun kayan gyaran shi ne wahalar da ta rage. Kano garin mota da babur ne, ba kowane mai shago a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari ya san infelar jirgi ba, sau da yawa sai an aika Legas ko garuruwan bakin Neja irin su Yawuri, inda jirage masu inji suka yi yawa. A aika da lambar samfurin da ke kan ɗan farantin jikin maƙalin inji, kada a ce "ta Yamaha 40" kawai, domin Yamaha 40 iri-iri ne kuma infelarsu ba ɗaya ba ce. Jabu ta cika kasuwa, kwalinta ma ya fi na gaske kyalli. A lanƙwasa fiffike da yatsa a saki: ta ƙwarai tana miƙewa nan take, ba ta barin farin layi a gindin fiffiken, kuma zoben tsakiyarta ba ya motsi a cikin robar. In an dace da mai kyau a sayi biyu, a naɗe ɗaya a ajiye a inuwa nesa da fetur, tare da makullinta da gasket ɗin famfo.